Hayaƙin Taru da Ƙirjin Hamidu

Ku yaran yanzu kun ɗauka sana'ar jiƙo wasa ce. Mutum ya ga wani a waya yana matsa lemon tsami cikin zuma yana barbaɗa citta, washegari sai a gan shi da tebur a bakin tashar Yelwa yana kiran masu fuka su zo su rabu da ita har abada. Ni Kulu, wadda kasuwar nan ke kira Inna Mai Jiƙo, na tsufa a kan wannan aiki, kuma ban taɓa raba kowa da fuka ba. Abin da na iya shi ne in koya wa mutum yadda zai zauna da ita, ya yi nomansa ko kamun kifinsa ba tare da ta kayar da shi ba. Wannan ɗin ma ba kullum yake yiwuwa ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shanya. A Ngaski na koyi sana'ar, hannun ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tumba, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya. Na zo da zumuɗin a nuna mini saiwoyin sirri, sai ta miƙa mini tabarma da faifai ta ce in baza zogale a inuwa, in riƙa juya shi, in riƙa shinshinawa. In na baza a rana, faɗa. In na tattara da sauran danshi, faɗa. Ta ce ganyen da ya yi fumfuna guba ne ga mai ciwon ƙirji, gara a sallame shi hannu wofi da a ba shi. Damina ta wuce, rani ya wuce, ban taɓa taɓaryarta ba. Har na fara tunanin baiwa ta samu, ba ɗalibar magani ba.

Da ta ga hancina ya iya rarrabe ganye mai kyau da lalatacce, sai ta koma kan kunnena. In aka kawo mai tari, takan sa in manna kunne a bayansa in faɗa mata abin da na ji. Akwai tarin mura, mai majina, wanda ke tafiya da kansa. Akwai wanda ke zuwa da zazzaɓi da rama, wannan ba namu ba ne, asibiti ake tura shi ba a ɓata lokaci. Sannan akwai fuka, wadda likitoci ke kira asma, ita kuma za ka ji wani siririn fito a ciki in mutum yana fitar da numfashi, kamar kukan ɗan kyanwa. Bayan sauraro sai tambaya, kuma a nan Gwaggo ta fi ƙarfi. Me ka ci? Ina kake kwana? Akwai kaji a ɗakin? Da wane itace ake girki? Mutum ya zo karɓar magani ya ƙare da ba da labarin gidansu kaf.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma yawancinsu sun girmi masu yi mini dariya. Ƙaramin turmi wanda ba a taɓa daka barkono a cikinsa ba, rariya mai laushi, tukunyar ƙasa ta dafa jiƙo, da kwalabe masu murfi da nake wankewa da ruwan zafi in kife su su bushe sarai. Citta, kanumfari, tafarnuwa, zogale, lemon tsami, da zuma ta gaskiya wadda nake karɓa daga hannun wasu makiyaya na wajen Shanga. Babu wani abin ɓoyo a ciki. Waɗannan suna sanyaya maƙogwaro, suna ɗumama ƙirji, suna rage yawan tashin ciwon. Amma in ƙirji ya riga ya rufe, ba zumar da za ta buɗe shi. A nan sai ɗan abin shaƙar nan na asibiti, inhela, kuma duk mai fukar da ya zo wurina sai na tabbatar yana da ita kafin in auna masa ko da cokali ɗaya.

A cikin masu zuwa rumfata, waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda fukarsu ba ta tashi sai sun yi aikin ƙarfi. Mai irin wannan, in yana zaune, ƙato ne lafiyayye. Da ya shiga sussukar shinkafa, ko ya tuƙa jirgi da ƙarfi, ko ya buga ƙwallo, sai numfashi ya sarƙe. Kafin a kai shi gaban wani ya duba, abin ya lafa. Sai a ce raggo ne, gudun aiki yake yi. Na ga magidanta suna ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya.

Hamidu yana cikinsu. Masunci ne daga wani ƙauye na bakin tafki, yamma da Ngaski, kuma shi ne ke riƙe kan igiya a tarun wani dattijo da ake kira Baba Audu. Ga wanda bai sani ba, taru babbar koma ce da ake zagaya ruwa da ita a jirgi, sannan maza su yi layi a gaɓa su jawo ta. Na kan igiya shi ne ya fi kowa shiga ruwa, ya fi kowa ja, shi ke ba da waƙa sauran su amsa, kuma rabonsa na kifi ya fi na kowa in ban da mai taru. Ubansa ya riƙe wurin, shi ma ya gada. Da wannan rabo yake ciyar da matarsa Rabi da 'ya'yansu da tsohuwarsa. Rabi ce ta jawo shi rumfata wata ranar kasuwa, yana biye da ita yana waige-waige kada wani na garinsu ya gan shi.

Ya ce, "Inna, ni lahiyata lau in ina zaune. Amma da mun kama igiya munka ja, sai in ji kamar da ita anka ɗaure mani ƙirji. Ga tari, ga ƙaiƙayin maƙoshi, wani bi har jikina ya yi ruɗu-ruɗu."

Na ce, "Mi kaka ci kahin ka shiga ruwa?"

"Abin da kowa ka ci. Ɗumame da yajin ƙuli."

"In kun hito hwa?"

"Ruwan randa, mai sanyi, in sha in ƙoshi."

Rabi ta ce, "Ka hwaɗa mata zancen turare mana."

Ya harare ta, amma ya faɗa. Ashe a tarun Baba Audu akwai al'ada tun daga kakansa. Kowace safiya, kafin a tura jirgi, dattijon zai zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wani haɗin ƙaro da saiwoyi da busasshen ganye, a turara tarun. Sannan kowane mai ja ya durƙusa a kan kaskon, a lulluɓe shi da bargo, ya shaƙi hayaƙin sosai kafin ya tashi. Na kan igiya shi ke fara shiga, lokacin da hayaƙin ya fi kauri. A ganinsu wannan ne ke haɗa mutum da taru, kifi ya yarda ya shigo. Ku duba fa: mai fuka, da sanyin safiya, a cika masa ƙirji da hayaƙi, a tura shi cikin ruwa ya yi jan da ya fi na kowa. Abin mamakin shi ne da ya kai wannan lokaci da ransa.

Na fara da abin da ke hannuna. Na tura shi asibiti, aka duba shi aka ba shi inhela, aka ce ya shaƙa kafin ya fara aiki, ya kuma riƙe ta a jikinsa kullum. Don kada abokan ja su gane, sai ya kai ta wurin baduku aka ɗinka mata gidan fata mai marfi, ya ɗaura a ƙugu tare da layunsa. Na yi dariya har da hawaye, amma na ce ba laifi, in dai tana kusa da hannu.

Abinci kuwa, da Rabi muka yi aikin, don ita ke riƙe da tukunya. Ba a hana mutum komai a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ne mai laifin ba, kuma yunwa za ta sa ya karya dokar a ɓoye. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa cirewa muna dubawa. Muka cire manja, ba canji. Muka cire busasshen kifi, ba canji. Da muka cire ƙuli da duk wani abu mai gyaɗa daga abincin safe, sai borin jinin nan ya ɗauke, ƙaiƙayin maƙogwaro ya tafi. Daga nan karin kumallonsa ya koma kunun gero mai ɗumi da citta da ɗan zuma, kaɗan ba cika ciki ba, kuma da tazara kafin ya shiga ruwa. In ya fito, ruwan ɗumi a buta maimakon na randa. Da rana romon ɗanyen kifi da zogale. Na ce ya riƙa fita kafin sauran, ya taka bakin gaɓa, ya ɗan tuƙa jirgi a hankali har jiki ya ɗau zafi, da ƙyalle a hanci saboda iskar tafki. Ƙirjin mai fuka ba ya son a farmake shi, lallaɓa shi ake yi.

Saura hayaƙi, shi kuma ba a tukunyar Rabi yake ba. Na hau kabu-kabu na je har ƙauyen, na sami Baba Audu yana gyaran koma a gindin bishiya. Mutumin kirki ne, ba ya da taurin kai irin na wasu masu taru. Na yi masa bayani, ya ajiye komar.

Ya ce, "Kulu, yaron ga ɗana ne. Ubanai ya mutu yana ja mani igiya. Ba ni son abin da za ya taɓa shi. Amma turaren ga ba ni na hwaro shi ba, ishe shi na yi."

Na ce, "Ban ce ka bari ba, Baba. Ka turara tarunka, ka turara mutanenka. Shi ɗai ka bar shi ya tsaya ta inda iska ka tahowa, ya miƙa hannuwa bisa kaskon ya wuce."

Ya yarda. Ya gaya wa sauran cewa hannun Hamidu ne ke ja, don haka hannun za a turara. Aka ɗan yi gunaguni, aka saba. Shekarar nan da ta bayanta Hamidu ya ja taru kamar ba shi ba. Ya yi ƙiba, muryarsa ta dawo a waƙa. Duk ranar kasuwa sai Rabi ta ajiye mini ƙullin kifi a rumfa, in ce ta bari, ta ƙi.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya cika ya haura gonaki, ya kuma ƙi janyewa a lokacin da aka saba. Ni kaina na sha wuya. Babu ranar shanya, bangon ɗakuna ya jiƙe, ganyen da na tara ya yi fumfuna na kwashe na zubar. Zuma ta yi wuya, abin da ake kawowa kasuwa rabi sukari ne, na ƙi karɓa. Ga masu fuka sun yi yawa saboda danshin ɗakuna, ga rumfata kusan wayam. Mutane da yawa a shekarar ba abin da na ba su sai shawara: a fitar da katifa in rana ta leƙo, a raba ɗaki da kaji, a daina girki a inda ake kwana.

A bakin tafki abin ya fi muni. Kifi ya watsu cikin ciyawar da ruwa ya rufe, inda taru ba ya shiga. A zagaya, a ja, a ja, a fito da kainuwa da tarkace. Gidaje suka fara kwana ba a ɗora tukunya ba. Ba tarun Baba Audu kaɗai ba ne, kowa haka yake fama, amma mai jin yunwa ba ya duba na maƙwabci. Sai magana ta fara zagayawa: ai dole kifi ya ƙi, tunda na kan igiya ba ya shiga turare. Da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Matan masu ja suka daina amsa gaisuwar Rabi a bakin rijiya. Ba mugayen mutane ba ne, na san yawancinsu. Yara ne ke kuka a gida, su kuma suna neman inda za su ɗora laifi.

Wata rana da la'asar sai ga Rabi a rumfata, ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Inna, Hamidu ya rantse gobe sai ya shiga turaren. Na yi magana, tsohuwa ta yi magana, ya ce ba ya iya haɗa ido da mutane."

Da gari ya waye na kama hanya, amma hanyar duk ta lalace da ruwa, mai babur yana yi yana sauke ni muna turawa. Ko da na iso gaɓa, hayaƙi ya riga ya tashi, jirgi ya zagaya, maza sun yi layi. Na hango Hamidu a gaba, ruwa har ƙirji, yana ba da waƙa. Tun daga nesa na ji muryar ba daidai take ba, yana yanke baiti a tsakiya. Na yi ta kiran sunansa, ko waiwaye bai yi ba. Ya ci gaba da ja har waƙar ta mutu a bakinsa, sannan ya saki igiya ya dafe gwiwa. Mutum biyu suka ciccibo shi zuwa tudu.

Na sa aka zaunar da shi ya jingina da wani kifaffen jirgi, don mai fuka ba a kwantar da shi. Leɓensa ya fara canja launi, kafaɗunsa na hawa da sauka, magana ta gagara. Wani ya rugo da kaskon turaren wai a ƙara masa, na daka masa tsawar da har yau in ya gan ni yana sauya hanya. Na ɓalle gidan fatar nan daga ƙugunsa, na fito da inhela a gaban kowa, na sa masa a baki. Ya shaƙa, muka jira, ya ƙara. Na tsorata ranar, ba zan ɓoye muku ba. A hankali fiton ya fara sassautawa, iska ta fara samun hanya. Na ce a nemo babur a wuce da shi asibiti.

Muna cikin haka sai ihu ya tashi daga bakin ruwa. Sauran ba su saki igiya ba, sun ƙarasa jan, kuma tarun ya fito maƙil da kifi. Irin kamun da ba a gani ba tun farkon shekara. Ruwa ne ya fara ja da baya a 'yan kwanakin, kifi ya fara fitowa daga ciyawa, kuma daga baya na ji wasu taruna ma sun samu a makon. Amma wa zai saurari wannan a ranar? Mata suna guɗa, yara suna tsalle cikin kifi. Ɗaya daga cikin masu ja ya zo ya durƙusa gaban Hamidu, ya riƙe hannunsa, da hawaye a idonsa, ya ce, "Allah shi saka maka. Ka gani ko? Da ka shiga tun tuni, da ba mu sha wagga wahala ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da tarun ya fito wayam a ranar, da na sami bakin magana. Kifin nan shi ya gama da mu.

Baba Audu ya raka ni har bakin hanya. Ya ce, "Kulu, kin ga abin da idona ya gani. Gobe in na ce ya tsaya gehe, babu mai kama mani igiya. In na ce ya shiga, na kashe ɗan mutane. Ki hwaɗa mani yadda za ni yi." Na hau babur na kama hanyar gida.

Bayan an sallamo Hamidu daga asibiti ya zo rumfata shi kaɗai, wannan karon ba ya waige-waige, don babu sauran abin ɓoyewa. Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon kwalabena ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Inna, duk abin da kinka ce na yi. Na bar ƙuli, na bar ruwan sanyi, kunu nika sha kamar mai jego. Yanzu abu guda nika roƙo. Cikin kayan ga naki, ko wanda Gwaggonki ta bar maki, babu wanda za ni sha in shiga hayaƙin ga in hito lahiya? Ko mi ɗacinai, ina sha."

Ina da kwalabe a gabana, kuma ko wacce na miƙa masa zai karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya koma kan igiyarsa da farin ciki. Na san abin da wurin yake a gare shi, na san bakunan da ke jiran rabonsa. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa jin nauyin kalma kamar ta ranar ba.

Na ce, "Babu, ɗana."

"Ko kaɗan?"

"Babu. In ka koma, wata rana ba a kai ka tudu da rai."

Ya sunkuyar da kai. Kasuwa na ta hayaniyarta. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "To, haɗa mani na zaman tudu."

Ƙanensa ne ya karɓi kan igiyar. Shi kuma ya nemi fili a inda ruwa ke janyewa da rani, ya fara noman albasa, aikin da a da yake yi wa masu yinsa dariya. Shekarun farko sun yi masa tsanani, Rabi har sai da ta kama soya ƙosai don a rufa asiri. Yanzu ya iya, yana aikinsa a hankali da sanyin yamma, yaransa sun girma, furfura ta fito masa. Gonar tasa ba ta da nisa da gaɓa, kuma da safe in an fara jan taru yana jin waƙar daga inda yake.

Kwanakin baya ya kawo albasa kasuwa ya biyo ta rumfata karɓar citta da zuma. Na manna kunne a bayansa kamar yadda na saba, na ji iska na shiga tana fita ba wani fito. Na ce masa ƙirjin nan ya yi kyau. Ya yi murmushi, ya buɗe tafukansa yana kallo, duk kantar igiya ta baje.

Ya ce, "Ƙirji kam ya yarda, Inna. Hannuwan ga ne, in sunka ji waƙa, har yau sai sun damƙe."